Muhawara kan fim ɗin Hum Aapke Hain Koun: jarumai biyu ne suka riƙe shi, ko taron 'yan wasa?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan fim ɗin Hum Aapke Hain Koun, wanda Sooraj Barjatya ya ba da umarni, kamfanin Rajshri kuma ya fitar da shi a watan Agustan 1994. Duk wanda aka tambaya fim ɗin wane ne, zai ce na Salman Khan ne da Madhuri Dixit, domin su ne Prem da Nisha, kuma fuskokinsu ne kaɗai ake gani a farkon fim ɗin lokacin da sunaye suke wucewa. Ni kuwa ra'ayina shi ne ba su biyun ne suka riƙe shi ba. Fim ne da ya haura awa 3, yana ɗauke da waƙoƙi 14, babu bos a cikinsa, babu faɗa, babu uban da ya rantse cewa 'yarsa ba za ta auri wane ba. Abin da ya hana mai kallo tashi shi ne mutanen gidan: baffa, da kawu da matarsa, da surukai, da likita da matarsa, da masu aiki, har da kare. Idan aka cire waɗannan aka bar masoyan biyu, ba na jin abin da zai saura zai kai a kira shi labari. Ina son jin ta bakinku, musamman waɗanda ba su yarda da ni ba.

Aminu:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka ta ƙarshe ita ce hujjata a kanka. Idan labari ba ya iya tsayuwa sai an cika gida da mutane, to labarin ne ba shi da ƙarfi, jama'ar kuma an tara su ne domin a rufe wannan rauni. A lura da yadda abubuwa suke tafiya: an je neman aure, an yi baiko, an ɗaura aure, amarya ta tare, ta samu ciki, an yi mata biki, ta haihu, an sake taruwa. Fiye da rabin fim ɗin ya wuce kafin wata damuwa ta shiga gidan, shi ya sa wasu masu sharhi a Indiya suka kira shi bidiyon biki lokacin da ya fito. Wadda ta cece shi a ganina ita ce Madhuri. Tun daga 1988 take kan ganiyarta, kuma rawarta da fara'arta ne suka sa mutane suka yi ta komawa silima. Shahararren mai zanen nan M. F. Husain ya kalli fim ɗin sau da dama, har ya yi jerin zane-zane, kuma ita ya zana, bai zana baffa ko likita ba.

Hajiya Rakiya:
Aminu ƙanina, ka lissafa bukukuwan daidai, amma ba ka tambayi kanka me suke yi wa mai kallo ba. Ni a wurina ginshiƙin fim ɗin Pooja ce, yayar Nisha, wadda Renuka Shahane ta fito a matsayinta. Renuka ba tauraruwar silima ba ce a lokacin, an fi saninta da gabatar da wani shiri mai suna Surabhi a gidan talabijin na Doordarshan, kuma ina ganin wannan ya taimaka ƙwarai, domin mai kallo bai zo da wani tsohon hoto nata a ransa ba, ya karɓe ta a matsayin matar yaya kawai. Ta shigo gidan da babu uwa a cikinsa, gidan maza uku, wato mijinta Rajesh da ƙaninsa Prem da baffansu da ya rene su bayan rasuwar iyayensu, sai ta zame wa kowa abin da ya rasa. Duk waɗannan awanni da kake gani kamar ɓata lokaci ne, ana saba mana da ita ne a hankali, har mu ma mu ji cewa gidan ba zai yiwu ba sai da ita.

Sannan ka duba inda aka sanya mutuwarta. Ta gano cewa Prem da Nisha suna son juna, ta ba ƙanwarta sarƙa a matsayin alƙawari, ta yi waƙar murna tana cewa za ta jagoranci auren ƙanin mijinta, daga nan sai ta zame a matakala. Mutum ɗaya tilo daga cikin manya da ta san sirrin, ita ce ta tafi da shi. Da a ce a minti na 30 aka kashe ta, babu wanda zai zubar da hawaye, kuma babu wanda zai fahimci dalilin da ya sa Nisha ta kasa buɗe baki ta ce ba ta son auren Rajesh. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma nauyin da ke cikin rabin ƙarshe na fim ɗin ya fi ƙarfin jaruma ɗaya komai iyawarta.

Baffa Isyaku:
Madalla da wannan muhawara. Zan ƙara muku wani ɓangare na tarihi, domin yana taimakawa wajen gane yadda aka haɗa taron. Kamfanin Rajshri tsohon kamfani ne, Tarachand Barjatya ya kafa shi a 1947, Sooraj kuwa jikansa ne. Labarin da muke magana a kai ba sabo ba ne a wurinsu, sun taɓa yin sa a 1982 da sunan Nadiya Ke Paar, amma a can ƙauye aka kai shi, da mutane marasa ƙarfi, kuma ba a cika shi da dangi haka ba. Abin da Sooraj ya yi shi ne ya ɗauki ƙashin labarin, ya mayar da shi gidan masu arziki, ya buɗe ƙofa ga jama'a. Wato ke nan an gwada labarin da mutane kaɗan, an kuma gwada shi da mutane da yawa, na biyun ne duniya ta fi sani.

Abu na biyu, yawancin 'yan wasan ba baƙin juna ba ne. A fim ɗin Sooraj na farko, Maine Pyar Kiya na 1989, akwai Salman, da Alok Nath, da Reema Lagoo, da Laxmikant Berde, da Ajit Vachani, da Mohnish Bahl. Sun riga sun san salon daraktan, sun san na juna, shi ya sa idan suna zolaya ba a jin ƙamshin haddar rubutu. Zaɓen Mohnish Bahl ne ya fi burge ni, domin a wancan fim shi ne mugu, a nan kuma aka ba shi matsayin yaya mai sanyin hali wanda ba ya ɗaga murya. Ku kuma duba shekaru: an haifi Anupam Kher a 1955, Madhuri a 1967, amma ya fito a mahaifinta, Reema Lagoo da aka haifa a 1958 ta fito a mahaifiyarta, Alok Nath kuwa shekara 5 kacal ya ba Mohnish Bahl, ya fito a baffan da ya rene shi. Babu wanda ya taɓa jin wannan ya dame shi yana kallo, kuma wannan aikin 'yan wasa ne, ba aikin kwalliya kaɗai ba.

Nafisa:
Baffa, ka tuna mini wasu mutanen da su ma suna cikin taron amma ba a ganin fuskarsu, wato mawaƙa. Lata Mangeshkar ce ta rera mafi yawan waƙoƙin mata, an haife ta a 1929, saboda haka ta haura shekara 60 a lokacin da take rera waƙoƙin da Madhuri ta hau a matsayin budurwa mai yawan tsokana. Muryar Salman kuwa ta S. P. Balasubrahmanyam ce, mutumin kudancin Indiya, kamar dai yadda aka yi a 1989. Raamlaxman ne ya yi kiɗan, Ravinder Rawal da Dev Kohli suka rubuta baitocin, waƙar rabuwar amarya da gidan iyayenta kuma aka ba Sharda Sinha, mawaƙiyar gargajiya daga jihar Bihar, wadda muryarta ta bambanta da ta kowa a fim ɗin.

Abin da nake so Yaya Aminu ya lura da shi shi ne, waƙoƙin da masoyan biyu suka keɓe su kaɗai ba su da yawa. Sauran duk a tsakiyar jama'a ake yin su, kuma a cikinsu ne soyayyar take girma. A waƙar ɓoye takalmin ango, wadda al'ada ce ta bikin Indiyawa inda 'yan uwan amarya suke ɓoye takalmin sai an biya su, ɓangaren ango da na amarya ne suke ja-in-ja, amma a ƙarshenta ne Prem da Nisha suka fara gane cewa wasan ya wuce wasa. Ba su da wurin haɗuwa sai cikin dangi, ba su da yaren magana sai zolayar da dangi suka halatta musu. Idan ka cire jama'ar, ka cire musu hanyar da za su so juna.

Aminu:
Nafisa, na yarda cewa waƙoƙin suna da daɗi, ban taɓa musun wannan ba. Amma daɗin waƙa daban, buƙatar labari daban. Akwai waƙar da Nisha take yi a kan alewa da kayan zaƙi, me ta ƙara wa labarin? Akwai Bhola Prasad da Dilip Joshi ya fito a matsayinsa, da Rita da take bin Prem, su ma me suka ƙara in ba tsawo ba?

Malam Habibu:
Aminu, ba kowane mutum ne a fim ake sa shi don ya tura labari gaba ba, wani ana sa shi ne don gidan ya zama gida. Amma bari in kawo maka wanda kake gani kamar ado ne alhali shi ne tushen komai, wato baffa Kailashnath. Mutumin nan bai yi aure ba, ya ƙarar da rayuwarsa wajen renon 'ya'yan ɗan'uwansa. A wajen baiko aka matsa masa ya yi waƙa, ya yi wa mahaifiyar amarya, wadda shi da ita da mijinta suka san juna tun suna ɗalibai, kowa yana dariya, amma yadda Alok Nath da Reema Lagoo suka riƙe fuskokinsu yana sa mai kallo ya yi zargin cewa akwai wani abu da aka binne tun da daɗewa. Ni fahimtata ita ce Prem ya tashi a hannun mutumin da ya haƙura da son ransa saboda wasu, bai taɓa ganin wani salon soyayya ba sai wannan. Saboda haka ranar da aka ce Nisha za ta auri yayansa domin jaririn da Pooja ta bari, shirun da ya yi gado ne, ba rauni ba ne. Wannan fahimtar ba ta fito daga bakin Salman ba, ta fito ne daga wata waƙar barkwanci da tsofaffi biyu suka yi tun kusan farkon fim.

Haka nan wasan matashin kai da aka yi bayan haihuwa, inda ake kiɗa ana miƙa matashi, wanda kiɗa ya tsaya a hannunsa ya tashi ya yi wani abu. Anupam Kher ya kwaikwayi fitowar Dharmendra a kan tankin ruwa a fim ɗin Sholay, kowa ya samu rabonsa na minti biyu ko uku. Daraktan da yake ganin jarumai biyu ne kaɗai jarinsa ba zai ba da wannan fili ba.

Malama Zulai:
Ina tare da Malam Habibu a kan cewa taron ne ya riƙe fim ɗin, amma ina da damuwa a kan yadda aka tsara taron, kuma bai kamata daɗin kallo ya hana mu faɗa ba. Ku duba Lallu, mai aikin gidan, wanda Laxmikant Berde ya fito a matsayinsa. Laxmikant Berde babban ɗan barkwanci ne a finafinan harshen Marathi, kuma a nan ya yi aikin da ya fi barkwanci, domin shi ne abokin sirrin Prem. Ana nuna mana cewa ɗan gida ne, ana wasan kurket da shi, ana rawa da shi. Amma ranar da saƙo ya zo cewa matar yayansa ba ta da lafiya, matar kawu ta zarge shi da ƙarya don ya karɓi kuɗi, sai da Pooja ta tsaya masa. Fim ɗin ya yi amfani da wannan don ya nuna kirkin Pooja, bai tsaya ya nuna mana abin da ke nufin zama ɗan gida wanda kalma ɗaya za ta iya mayar da shi bare ba. Sannan a ƙarshe, Lallu ya san gaskiyar abin da ke tsakanin Prem da Nisha, yana gani ana shirin ɗaura auren da zai cutar da mutum uku, amma iyakar abin da ya yi shi ne ya je gaban abin bautarsu Krishna yana kuka yana roƙo.

Ita ma matar kawun, wadda Bindu ta fito a matsayinta, an ɗora mata duk wani mugun furuci da ke cikin fim ɗin domin sauran su fita da tsabta, har ta kai mijinta ya mare ta a gaban mutane, aka kuma tsara fitowar yadda mai kallo zai ji daɗin marin. Wannan bai kwanta mini ba. Likita da matarsa Razia, wato Satish Shah da Himani Shivpuri, Musulmi ne, an karrama su, ana jin daɗin baitocin da likitan yake jefawa, amma ba mu taɓa shiga rayuwarsu ba. Taron yana da faɗi, sai dai kowa an ja masa layin da ba ya tsallakewa.

Aminu:
Malama Zulai ta kai ni inda nake son zuwa, wato maganar kare. Gida cike da manya, ga farfesa, ga likita, ga attajiri, amma babu wanda ya iya warware matsalar sai Tuffy. Nisha ta ba shi sarƙa da wasiƙa ya kai wa Prem, sai ya kai wa Rajesh, shi ke nan fim ya ƙare. Marubucin ya saka kansa a lungu, ya rasa mafita, ya kira kare. Idan taron 'yan wasan yana da amfanin da ake faɗa, me ya hana ɗaya daga cikinsu ya lura da halin da yaran suke ciki?

Hajiya Rakiya:
Ba a kira karen daga waje ba, Aminu. Tun fitowar farko shi ne alƙalin wasan kurket, yana cikin rikicin takalmi, yana cikin kowane taro, an riga an shaida mana cewa a wannan gida ana lissafa shi cikin mutane. A fim ɗin 1989 ma tattabara ce take kai wasiƙa, salon daraktan ne, kuma fim mai waƙoƙi 14 bai yi wa kowa alƙawarin cewa zai bi ƙa'idar rayuwa ta yau da kullum ba. Amma tambayarka ta biyu tana da nauyi, kuma amsarta a ganina ita ce abin da ya sa fim ɗin ya fi ƙarfin bidiyon biki. Babu wanda ya lura domin kowa yana cikin makoki, kowa kuma yana ƙoƙarin kyautata wa wani. Mahaifin Nisha yana tausayin surukinsa da jikansa, baffa yana tsoron lafiyar Rajesh, Nisha tana kallon jaririn yayarta, Prem yana kallon yayan da bai taɓa hana shi komai ba. A sauran finafinan soyayya mugu ne yake raba masoya, a nan mutanen kirki ne suka kusa raba su, kuma ba za a iya nuna wannan ba sai an tara mutanen kirkin da yawa, an ba mu lokaci mun so su.

Baffa Isyaku:
Akwai kuma yanayin kasuwa da ya kamata a sani. A wancan zamani kaset ɗin bidiyo da satar fasaha sun janye iyalai daga gidajen silima a Indiya, finafinan faɗa ne suka fi yawa. Rajshri suka ƙi sakin kaset da wuri, suka fara nuna fim ɗin a gidajen silima kaɗan, suka nemi a gyara wuraren kafin a ba su. A silimar Liberty da ke Mumbai ya haura mako 100 ana nuna shi, kuma shi ne fim na farko da ya tara sama da rupi biliyan 1 a cikin Indiya. Ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon fim, da ta darakta, da ta jaruma. Wanda ya je silima da kakarsa da ƙannensa, kowannensu ya samu tsaransa a allo, ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa aka yi ta zuwa gida-gida maimakon ɗaiɗai.

Aminu:
Baffa, kyautar jaruma da ka ambata Madhuri ce ta karɓa. Ga kuma gwaji na gaskiya: a 1999 Sooraj ya sake tara kusan mutanen nan a Hum Saath Saath Hain, ya ƙara da Saif Ali Khan, da Tabu, da Karisma Kapoor, da Sonali Bendre. Taron ya fi girma, fim ɗin ya yi kasuwa, amma bai kai matsayin na 1994 a zukatan mutane ba. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne Madhuri.

Malam Habibu:
Ni kuma abin da nake ganin ya ɓace shi ne tsari. A na 1999 an raba hankalin mai kallo tsakanin masoya kashi uku, kowane tauraro yana jiran rabonsa. A na 1994 soyayya ɗaya ce a tsakiya, sauran mutanen kuma ba sa gasa da ita, kewaye ta suke yi, kowanne yana da alaƙar da ta sa abin da zai faru da Prem da Nisha ya shafe shi. Yawan fuskoki ba shi ne taro ba. Ban rage wa Madhuri komai ba, amma mafi kyawun fitowarta a wurina ita ce lokacin da ta ga sunan Rajesh a katin gayyata, kuma abin da ya ba wannan fitowa ƙarfi shi ne matan da suka kewaye ta suna murna ba su san abin da ya same ta ba.

Hajiya Rakiya:
Malama Zulai, game da layin da kika ce an ja wa kowa, ina ganin fim ɗin da kansa bai yabi shirun ba. Da Rajesh ya karanta wasiƙar bai yi godiya a kan sadaukarwar da aka yi masa ba, ciwo ya ji cewa ƙaninsa da ƙanwar matarsa sun ɓoye masa, sun kusa sa shi ya zalunce su bai sani ba. Mohnish Bahl ya yi wannan fitowa ba tare da hayaniya ba, kuma a nan ne aka ga amfanin sanyin da ya riƙe tun farko.

Malama Zulai:
Haka ne Hajiya, Rajesh ya yi ƙorafi, amma Prem da Nisha ya yi wa. Matsalar kuwa ta faro ne daga lokacin da aka yi wa Nisha maganar auren a dunƙule, ta ɗauka Prem ake nufi ta amsa, babu wanda ya ambata mata sunan mijin har aka buga kati. Iyayen da suka yi wannan ganganci suna tsaye a wurin lokacin da gaskiya ta fito, kuma ban ga fitowar da wani ya tambaye su me ya sa ba su zaunar da 'yarsu sun yi mata bayani dalla-dalla ba. Anupam Kher da Reema Lagoo suna da ƙwarewar da za su ɗauki irin wannan fitowa, da an rubuta musu ita.